Matakalar Goggon Kowa

Magini ya ɗaga guduma ya sauke a kan matakalar banɗaki, tsohon simintin ya tarwatse kamar busasshen burodi. Matar da ke gidan tana zaune a bakin gado, ƙofar ɗaki a buɗe, waya a hannu, tana jin kowane bugu har cikin ƙirjinta.

Zauren hira na waya ya riga ya ɗau zafi. Mutanen ciki ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, kowa da garinsa, kowa da laƙabinsa. Uwar Biyu na kukan wake ya ƙi nuna. Kafinta ya turo hoton wata ƙofa da gara ta cinye. Mai Kemis, kamar kullum, tana yi wa kowa faɗa a kan yawan gishiri.

"Ina Goggon Kowa?" in ji Uwar Biyu. "Ta zo ta ceci tukunyata."

Goggon Kowa ce uwar zauren. Ita ake tambaya maganin tari, ita ta san dalilin da famfo ke kuka, ita ke raba faɗa da barkwanci. A da saƙon murya take turowa, dogo, da dariya a tsakiya. Kwanakin nan sai rubutu.

Ta daɗe tana kallon tambayar. Ta ja hirar sama, can baya, har ta samo inda aka taɓa maganar wake. Sannan ta rubuta: "Jiƙa shi tukuna, ki yanka albasa a ciki. Gishiri kuwa sai ya yi laushi, 'yar nan."

Uwar Biyu ta yi godiya. Mai Kemis ba ta ƙyale ba.

"Goggo, muryar fa? Har yanzu maƙogwaron ne?"

"Har yanzu."

"Ki je asibiti, ba a wasa da ciwon da ya daɗe. Maganin hawan jinin kina sha?"

Ta kalli kwalin maganin a kan tebur, kusa da tabarau mai ƙura. Bai ragu ba.

"Ina sha," ta rubuta.

Don ta kawar da zancen, ta leƙa tsakar gida ta ɗauki hoton magini durƙushe yana kwaɓa siminti, ta tura. Nan take zaure ya cika da barka.

Babu wanda bai san labarin matakalar nan ba. Tun bara gefenta ya karye, ga santsi in ruwa ya zuba. Goggo ta sha ba su dariya da yadda take dafa bango tana hawa kamar mai shiga mota tana tafiya. 'Yarta tilo, mai aikin ofis a can ƙarshen gari, ta ce za ta turo magini ranar Asabar. Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, har zaure ya laƙaba wa yarinyar suna Asabar-mai-zuwa.

"A ƙarshe dai 'yar taki ta tuna," in ji Kafinta.

Yatsunta suka riga tunaninta.

"Ta tuna bayan me? Waya ɗaya za ta buga, aikin yini guda. Tana da lokacin kowa, ban da uwarta. Irin wannan ba 'ya ba ce, asara ce."

Ta ga alamar ana rubutu ana gogewa. Daga baya Mai Kemis ta yi ƙarfin hali.

"Goggo, kin canja. A da mu ke zaginta, ke kina karewa. Kin manta abin da kika ce mana?"

Mai Kemis ta haɗo da wani tsohon saƙon muryar Goggo.

Ita kuwa ba ta so taɓawa ba, amma ta taɓa. Muryar ta cika ɗakin, da dariyar nan a tsakiya: "Ku ƙyale mini 'yata. Aiki ne ya sha mata kai. Ni na goye ta, na san halinta, in ta ce za ta zo, za ta zo. Matakala ai ba gudu za ta yi ba."

Ta kife wayar a cinya, ta toshe baki da gefen mayafi don kada magini ya ji. Wayar ta ci gaba da tsuwa. Uwar Biyu na cewa a yafe wa yarinya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kafinta na neman afuwa, wai shi ya tono zancen.

"Anti, an gama," magini ya kira daga waje.

Ta wanke fuska ta fito. Matakalar ta yi sumul, ya zana mata layuka don kada ta yi santsi.

"Na rage mata tsayi saboda gwiwar manya," ya ce yana wanke cebur. "Tun bara kika karɓi lambata a ofis ɗinku, har na ɗauka kin samu wani. Ki gaya wa Mama kada ta taka sai gobe, simintin ɗanye ne."

Ta gyaɗa kai kawai. Abin da ta kasa faɗa wa zauren shi ta kasa faɗa masa: a gindin matakalar nan maƙwabta suka tsinci Mama, kuma tun ranar da aka binne ta, ita 'yar tata ce ke amsa saƙonninta.