Zaman da Ya Hana Malam Ilu Zuwa Makka

Saura kwana goma sha biyu jirgin alhazai ya tashi da Malam Ilu, amma har yanzu yana zaune a kan guntun bencinsa a Ƙofar Wambai yana yankan fata. Baduku ne mai ɗinka takalma. Shekara da shekaru burinsa ya ga Ka'aba da idonsa, ya yi ɗawafi da ƙafarsa, bana kuma Allah ya nufa ya sami kujera. Sai dai ya karɓi aikin mutane da yawa, ya kuma lashi takobin ba zai bar gari da takalmin kowa a hannunsa ba.

Dama can Malam Ilu gwanin zama ne, har alfahari yake da shi. A wurinsa duk mai sana'ar da ke yawan miƙewa rago ne. In ya ga maƙwabcinsa Mustafa ya tashi yana miƙa, sai ya ce, "Kai dai kamar an zuba maka ƙaiƙayi a wando."

Da aiki ya taso shi gaba, abin ya wuce misali. Tun da hantsi zai naɗe ƙafa, Luba mai abinci ta kawo masa shinkafa da wake har inda yake, ya ci yana hararar fatar da ke jiransa. Ruwa ma ya rage sha, wai don kada fitsari ya riƙa tayar da shi. Salla kaɗai ke ɗaga shi, ita ma a ƙofar shago, yana sallamewa zai koma. Jiki na zaune, hankali ba a kwance ba. Ya duba kalanda, ya duba tulin aiki, ya ja tsaki.

Ƙafar hagu ce ta fara. Sharaɓarsa ta ɗaure, ta kumbura, ta ɗau zafi. Ya jijjiga ta, ya miƙe ta, ya sake naɗewa, duk babu daɗi.

Wata safiya matarsa Nana Hauwa ta gan shi yana ɗingishi, ta ce, "Malam, ƙafar nan fa ba ta yi min ba. Don Allah mu je asibiti."

"Asibiti? In wuni a layi aikin mutane na jirana? Sanyi ne kawai. Ɗauko man zafi ki murza min."

Ta murza, ranta bai so ba. Ya sa hularsa ya fita.

Kwana biyu bayan haka, wajen La'asar, ya yunƙura zai ɗauko wuƙa a saman kantar shagon. Sai ya ji kamar an caka masa basilla a ƙirji. Numfashi ya ƙi zuwa, gumi ya karyo masa, ya zube a cikin guntayen fata. Mustafa ne ya ƙwala ihu, 'yan layi suka ciccibe shi zuwa adaidaita sahu.

Da ya dawo hayyacinsa a asibiti, likita ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarka saboda dogon zama da rashin shan ruwa. Gudan ya ɓalle ya tafi huhu, murzar nan ma ba ta taimaka ba. Da an ƙara jinkiri, da yanzu wani zancen ake."

Shi duk ba wannan ya dame shi ba. "Likita, ran Laraba jirginmu zai tashi."

Ta girgiza kai. "Bana kam sai haƙuri. Huhunka ba zai ɗauki tafiyar nan ba."

Ran Laraba da azahar abokin tafiyarsa Abdulmalik ya bugo waya daga filin jirgi. Nana Hauwa ta kara masa a kunne. Yana jin hayaniyar maniyyata, ana ta kiran sunaye a lasifika. Abdulmalik ya ce, "Zan yi maka addu'a a gaban Ka'aba, Malam." Malam Ilu ya juya fuskarsa bango, dattijo mai furfura, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Jama'a, dogon zama ba ƙwazo ba ne, cuta yake tarawa. Ko a shago kake ko a ofis, kada awa guda ta cika ba ka miƙe ka taka ba, ka sha ruwa, in kuma ƙafa ta kumbura ka nufi asibiti, kada ka murza.