Tsamiyar da Ba Ta da Inuwa

Tun da jami'a ta haɗiye bakin kogin Unguwar Marina, aka sare tsamiyar mashaya, aka kafa wata tsamiyar ta hasken lantarki a gurbinta, wadda ba ta da inuwa. Kowane wurin tarihi an dasa masa turke mai magana. Dokar kuwa ita ce, duk wanda turke bai ambaci gidansu ba baƙo ne, sai ya tashi daga unguwar.

Ranar da wa'adinsu zai cika, Iya Tabawa ta sa jikarta Kubura, ɗaliba a jami'ar, ta rako ta mashaya da tsakar rana.

Kubura ta taɓa turken. Ya ce cikin murya mai daɗi, "Barka da zuwa. Kafin jami'a babu kowa a nan sai ciyawa da tsuntsaye."

"Ƙarya kake!" in ji Iya. "A gindin tsamiyar nan aka binne cibiyata. Can mijina ya yi rini har hannunsa ya koma shuɗi."

"Iya, yi a hankali, yana ji."

Tsohuwa ta tsuguna a gindin bishiyar, daidai inda ta saba hutawa. Rassa na kaɗawa a samanta, rana na dukan tsakar kanta. Ta fara tonon ƙasa da yatsu, ta tarar da siminti.

"Ke da kika yi karatu, gaya masa gaskiya."

Kubura ta sunkuyar da kai. "Iya, bara an tambaye mu a jarrabawa. Abin da ya faɗa na rubuta."

"Kin ci?"

"Na ci."