Farawa da Dama

Sufeton makarantu na shigowa aji a Ƙaura Namoda, malamin lissafi ya gyara hula. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kowa so yake a ga addininsa.

A allo, hagu cunkushe yake da tarkacen alamomin lissafi, su sin da cos, dama kuwa lamba ɗaya ce tilo. Aikin malamin shi ne ya nuna ɓangarorin biyu daidai suke.

"Musulmi da dama yake farawa," in ji shi. Ya rangaɗa 1 kyakkyawa.

Sai ya tsaya cak. Duk cika bakinsa, ga shi ɗaya ta gagare shi, ya rasa abin da zai warware a cikinta. Ya ƙara mata kauri, gumi na keto masa.

Sufeto ya matso, ya rage murya. "Malam, koma can wajen tarkacen. Dauɗa ai da hagu ake wanke ta."