Shalele Ya Daina Tsoron Ruwa

Ranar da Shalele ya fara dira cikin ruwa ba tare da kuka ba, ranar ce ubansa ya yanke cewa koyon iyo ya ƙare.

Yaron shekararsa biyar. Uwarsa ce ta matsa aka sa shi, tare da yayarsa, a ajin iyo lokacin hutun makaranta, don tsoron ruwansa ya kai ko wanka sai an yi kokawa. Malamin ya bi shi a hankali. Yakan tsaya a cikin ruwa ya ware hannuwa, Shalele ya diro daga baki, shi kuma ya cafe shi. Cikin 'yan makonni yaro ya saki jiki, har yana ɗan wutsil-wutsil da ƙafa kafin a tallafe shi.

Uban, mai shagon sayar da tayoyi, ya ɗauki dirowar a waya. Duk wanda ya shigo sayen taya sai ya kalla, ko yana so ko ba ya so.

Da ya je ya ce sun gode, sun gama, malamin ya biyo shi har bakin mota.

"Yallaɓai, don Allah kada ka cire shi yanzu. Nan ne inda ya fi haɗari. Tsoro ya fita, iyawa ba ta shiga ba. Bai san yadda zai kwanta rigingine ya huta ba, bai san yadda zai juyo ya kama bango ba. Mai irin shekarunsa, a kawo shi sau biyu a mako, ko na rabin awa ne. In ba hali, sau ɗaya, amma kada a yanke. Yayarsa da ta girma sau ɗaya ma ya ishe ta. Ƙananan ne ke da saurin mantuwa."

Uban ya yi dariya. "Malam, iyo ne fa, ba digiri ba. Mu a wane aji muka koya? Wanda ya iya keke ai ba ya mantawa."

Ku ji fa! Mutumin da rabonsa da ruwan da ya wuce gwiwa tun yana ɗan makaranta. Maganar gaskiya, barcin safiyar Asabar, lokacin da ake kai yara iyon, shi ne ba ya so a taɓa masa. Shi ke nan dalilin, babu wani.

A gida uwar ta sake gwadawa. "Baban Shalele, ni zan riƙa kai su. Kai dai ka ce to."

"Ke kin cika ɗora wa kanki wahala. Yaro kamar kifi? Na gama magana."

Ta haƙura. Makaranta ta dawo, watanni suka shuɗe, Shalele bai ƙara ganin ruwan da ya fi na bokiti ba.

Ana nan sai ƙanin uban ya dawo daga tafiya, ya gayyace su wani otal mai wurin iyo. Uwar ta shiga ɗakin canza kaya da yayar Shalele. Maza biyu suka zauna a inuwa suna gardamar ƙwallo. Shalele kuwa da ya hango ruwa sai ya kwasa da gudu, ya nufi can ƙarshe.

Baffansa ya miƙe. "Yaya, can fa da zurfi!"

Uban ya janyo masa riga. "Zauna, kai dai ka sha kallo."

Shalele ya ware hannuwa ya dira, daidai yadda ya saba. Sai dai yau babu wanda ke tsaye a ciki zai cafe shi.

Ya nutse, ya taso. Kansa ya karkata baya, bakinsa daidai ruwa, hannuwansa suna danna ruwan ƙasa. Bai yi ihu ba. Yaron da ruwa ke ci ba ya samun numfashin da zai yi ihu da shi. Uban yana zaune yana kallo, har da tafi.

"Ka gani ko? A tsaye ma yake yi!"

Ya juya ya ci gaba da gardamarsa. Wallahi ko a baki abin nan ƙona rai yake.

Uwar ce ta fito riƙe da tawul tana waige-waige. "Ina Shalele?"

Uban ya nuna da hannu ba tare da ya juya ba. Ta duba, ruwa ya kwanta luf. Ihun da ta yi ne ya sa baffan ya faɗa da kayansa, ya tsamo yaron daga ƙasa.

An danna ƙirji, an hura baki, an yi gudu zuwa asibiti. Likita ya fito ya kama hannun uban, ya girgiza kai.

A barandar asibitin uwar ta cakumi rigar mijinta da hannu biyu. "Kana kallonsa? Kana zaune kana kallonsa?"

Uban ya sulale ya zauna a ƙasa.

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma an gaya masa, an roƙe shi, ya toshe kunne, kuma sunan wannan sakaci.

Iyaye, koyon iyo ba aikin hutu ɗaya ba ne. Ku riƙa kai yara mako-mako har su ƙware, kuma ko sun ƙware, kada idonku ya bar kansu a bakin ruwa, domin yaron da ya daina tsoron ruwa bai iya iyo ba ya fi mai tsoron shiga haɗari.