Yatsa a Kan Ƙananan Rubutu

Ranar da banki ya maido wa Clive Hardcastle kuɗin inshorar da aka maƙala masa a kan bashi, har rawa ya taka a ƙofar gida da silifas. Washegari kamfanin da ya karɓo masa kuɗin ya yanke kashi ɗaya cikin uku, wai ladan aiki. Rawa ta koma zagi.

A faɗi gaskiya, ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Injin ɗumama gidansa ya mutu, sanyi ya kawo kai, ga ciwon gwiwa, ba mata, ba ɗa a kusa. Abin da aka bar masa ba zai sayi sabo ba. Ni da na san sanyin garinmu Barnsley na tausaya masa kaɗan. Kaɗan fa.

Ya bi layinmu gida-gida yana neman masu mara masa baya. Kusan kowa a layin an taɓa ɗora masa inshorar nan, wadda aka ce za ta biya maka bashi in ciwo ya kwantar da kai, amma ranar buƙata sai ta ce ba ta san ka ba. Clive ya san sharuɗɗanta kamar sunansa, ko lauya albarka. Sai dai ba wanda ya ce masa shigo ka sha shayi. A garinmu kuwa ko mai karanta mita ana ba shi shayi.

Sai ya ciro kwat ɗinsa mai ruwan toka da ta daɗe a rataye, ya duba lokaci a agogon gilashin da yake gogewa kullum a kan talabijin, ya nufi ofishin kamfanin, a saman shagon soyayyen kifi da dankali.

Mai kamfanin, Beverley, a layinmu ta tashi. Uwarta tela ce, ta rasa gidanta shekarar da ciwo ya kwantar da ita inshora ta ƙi biya.

"Wannan fashi ne, yarinya," in ji Clive.

"Ai ka sa hannu, Mista Hardcastle."

"Ban ga maganar kashi ɗaya cikin uku ba."

"Tana ƙasan takardar, cikin ƙananan rubutu."

"Yatsanki na kai, ya rufe wurin. Kika kawo mini shayi da biskit, kina tambayata lafiyar karena, kika ce, 'Sa hannu nan kawai, Baba, sauran duk surutun lauyoyi ne.'"

"Ashe ka lura," ta ce. "Yaya karen?"

Ya buga tebur, ya ce hukumar sauraren koke zai kai ta.

"Hanya a buɗe take. Amma za su tono maganar tun daga tushe, su tambayi wa ya yaudare ka a banki. In bankin ya ji sunan, ina jin har ragowar zai karɓe. In ba ka lambar wayarsu?"

Clive ya daɗe yana kallon yatsanta a kan teburin. Sannan ya ɗauki hularsa, ya sauko matakala a hankali yana dafa bango, ƙamshin kifi na raka shi.

Na aika masa da bargo da ɗan hita, don sanyi ba ya tambayar halin mutum. Shayi kam, a'a.

Shekara da shekaru Clive ne ke zaune a teburin bashi na bankin garinmu cikin kwat ɗin nan, yatsansa a kan ƙananan rubutu. Shi ya sayar wa uwar Beverley inshorar, ya sayar mini, ya sayar wa layi kaf, kuma a watan da ya rage masa mutum ɗaya kafin ya ci agogon gilashi na gwarzon ma'aikaci, ya waiga bai ga kowa ba, sai ya sayar wa kansa.