Ruwan Ɗumi Na Inna

Ka ce ba za ka sa wa gidanka tukunyar ɗumama ruwa ba sai ka gama bincike, sai ka samo wadda babu kamarta. To, gyara zama ka ji, don na san wani mai irin halinka.

Kafinta ne a Jos, gwani, irin wanda ke auna katako sau uku kafin ya ɗora masa zarto. Mahaifiyarsa ta tsufa, ta ƙi barin gidan marigayi mijinta, tana zaune ita kaɗai. Ko abinci daga gidan ɗan ake kai mata, domin likita ya hana ta zama kusa da hayaƙi saboda tarin da ke damunta. Abin da take da shi na ɗumama ruwan alwala da wanka wata 'yar hita ce ta tsomawa a bokiti. Rannan ya je gaishe ta, ya ga wayar hitar ta ɓare an ɗaure da leda. Ransa ya ɓaci, ya naɗe ta ya cusa a jakar kayan aikinsa, ya ce wannan ai ajali ne a cikin bokiti, zai kawo mata abin da ya dace da ita. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta dubi idonsa ta ce tana bukatar wani abu.

Mai aikin famfo ya gaya masa akwai ƙaramar tukunyar ɗumama ruwa ta maƙalawa a bango, yau a saya yau a kafa. Kafinta ya yatsine fuska. Shi ya ji labarin wata sabuwa, wadda aka ce tana zuƙo ɗumin iska ta zuba wa ruwa, in iska ta gaza ta koma wa lantarki, kuma ba ta shan wuta. Ita yake so wa uwarsa, kuma Allah ya sani ƙauna ce ta sa. Sai fa aka shiga awo. Babba za a ɗauka ko matsakaiciya? Aka ce tana son ɗaki mai iska, ya fasa bangon ɗakin ajiya ya sa taga. Aka ce tana ɗan ƙugi kamar firji, ya ce a'a, kada ta hana Inna barci, a sake wuri. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, kowa da tasa. Da ƙyar ya tsai da shawara, sai aka ce masa ai sai an kawo daga Legas.

Damina kuwa ba ta san ana awo ba. Ka san ruwan Agusta a Jos, a kwana uku ba a ga rana ba, sanyi har cikin ɓargo. Kowace Juma'a yakan durƙusa a bakin ƙofarta ya ce saura kaɗan, ita kuma ta kau da kai ta ce Allah ya yi albarka. Shirun nan nata shi ya ɗauka lafiya ce. Bai taɓa lura hannayenta kullum a cikin mayafi suke ba, kuma bai taɓa tambayar kansa da wane ruwa take alwalar asuba ba.

Ranar da tukunyar ta iso, tsohuwa tana kwana na uku a asibiti, sanyi ya kama mata ƙirji. Ya tsaya a kan ma'aikata har aka kafa ta, fara tas, tsayinta ya kusa na mutum. Ya shafa ta yana murmushi, yana ƙiyasta yadda Inna za ta murɗa famfo ta ji ɗumi a tafinta. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Aka kawo ta gida, mata suka shiga shirin wanka, suka aiko a hura wuta a ɗora ruwa. Ya ce ba sai an hura ba. Da hannunsa ya murɗa famfon, tururi ya tashi, ya cika bokiti biyu ya ajiye musu a bakin ƙofa. Yana tsaye a nan wata maƙwabciya ta gaya masa cikin kuka, ta sha cewa za ta riƙa kawo wa tsohuwa ruwan zafi a filas, amma ta hana, wai kada unguwa ta ce ɗanta ya gaza. Cewa take yi, “Ki bar shi, mai kyau yake zaɓa mini.”

Da aka gama, ƙanwarsa ta fito da bokitan babu komai a ciki, babu kowa sai su biyu a tsakar gidan. Sai ta ce masa, “Yaya, ruwan ya yi daidai.” Nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda babba ba ya so a gani.

Ban ce shi ya kashe ta ba, ajali ba ya wuce ranarsa. Amma wata uku na ruwan sanyi a hannun tsohuwa, wannan kam shi ya san a wuyan wa suke. Har yau 'yar hitar nan tana cikin jakarsa, da ledarta da komai, ya kasa jefarwa. Saboda haka in akwai mai jin sanyi a gidanka, tashi ka kafa wadda ta samu, ka ci gaba da bincikenka daga baya. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.