Albarkar Farfesa Dangana

Tun da aka kafa dokar, taron masana kwamfuta ba ya karɓar bincike sai wanda na'ura ba ta taɓa ji ba. In kuma ƙarami ya furta sabon abu a gaban babba, sai na'urar ta rubuta shi da sunan babban. Shi ya sa Dakta Lantana ta shekara uku tana aikinta na hasashen ruwan sama da biro da takarda, ko mijinta bai san komai a kai ba. In ba ta gabatar da shi yau da sunanta ba, jami'a za ta sallame ta.

A zauren shan shayi kowa na rataye da katin da ke sauraro, ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Saura minti goma a kira ta, Farfesa Dangana ya tare ta. Shi ya koyar da ita, shi ne waliyyinta ranar aure. Ta durƙusa.

"Lantana 'yata, an zama manya, an daina neman mu. Me kika kawo mana bana?"

"Ɗan abu ne, Baba. Za ka ji a ciki."

"A ciki? Tare da baƙi?" Ya yi dariya. Shekara huɗu ke nan rabon da a karɓi bincikensa. "Faɗa min in sa albarka."

Mutane suka juyo. 'Yar fitilar katinsa ta riga ta kama, alamar ya fara ɗaukar magana.

"Kan damina ne, Baba," ta ce, tana durƙushe.

Ya sunkuyo, ya matso da katin kusa da bakinta.